Hawan Dutse Da Kare Cikin Sanyi: Ina Hukuncin Salla?

 

Tun da hunturu ya kama, tambaya ɗaya ke ta zo mana ta fuska biyu. Ta farko daga 'yan'uwanmu ma'aikatan Gwamnati da ake turawa kwas Turai, da fatake masu zuwa Turkiyya da Sin. Sukan tarar mutanen can suna fita ran hutu su hau duwatsu cikin dusar ƙanƙara, kare na biye, har a gayyace su. Ta biyu daga gida take, watau samarin ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda da an gama kaka sai su ɗauki sanda da adda, su kira karnuka, su nufi duwatsu farauta tun gari bai waye ba. Dusar ƙanƙara dai ba ta sauka a Ƙanƙara, suna kawai suka haɗa, amma wanda asubar hunturu ta riska a kan dutse ya san sanyi. Dukansu cewa suke yi: kare ya goge mana riga, ruwa kuma ba ya taɓuwa, ashe ba sai mu bar salla mu rama a gida ba?

Amsa ita ce a'a. Kare ba uzuri ba ne, sanyi kuma ba uzuri ba ne.

Mu fara da kare. A mazhabar Imamu Malik, wadda muke bi a ƙasar nan, duk mai rai tsarkakke ne, har da kare, da yawunsa da guminsa. Saboda haka idan ya goge maka riga ko ya lashi hannunka, alwalarka tana nan, rigarka kuma ta salla ce. Fitsarinsa da kashinsa su ne najasa, sai a wanke inda suka taɓa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ruwan cikinta, malamanmu sun ce bin umurni ne kurum, ba don najasa ba. Imamu Shafi'i ya saɓa a nan, yana ganin najasa ce mai kauri, shi ya sa za ka ji abokinka mutumin Indunusiya yana tsanantawa. Kada ka yi musu da shi, kowa da limaminsa. Allah kuwa Ya halatta mana abin da horarren kare ya kama, a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, muddin an ambaci sunanSa wajen sakinsa.

Sai dai a kula, tsarkin kare daban, ajiye shi daban. Hadisi ya inganta cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa na raguwa kullum. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ta karhanta farautar da ake yi don wasa, ta halatta wadda ake yi don neman abinci. To, samari su tambayi zuciyarsu.

Sa'an nan sanyi. Malamanmu na da ba su jahilci dusar ƙanƙara ba, domin mazhabar nan ta yi ƙarfi a Andalus da Maroko, inda dutsen Tubkal mai tsawon mita 4,167 yake yin fari fat kowace shekara. Sun ce ƙanƙara idan ta narke ruwa ce mai tsarki mai tsarkakewa, a yi alwala da ita, a yi wanka. Annabi ma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan roƙi Allah Ya wanke shi daga kurakurai da ruwa da dusar ƙanƙara da ƙanƙarar sama. Wanda ke da halin hura wuta, sai ya narkar da ita, ya ɗumama, ya yi alwala. Wanda ba shi da hali, kuma yana tsoron ruwan sanyi zai jawo masa ciwo, sai ya yi taimama bayan lokaci ya shiga. Dutsen da yake tsaye a kai ya isa, ba sai ya nemi rairayi ba. Mukhtasar na Shehu Khalil ma ya lissafa ƙanƙara a cikin abin da ake taimama a kansa, ga wanda ya kasa narkar da ita. Asalin wannan sauƙi labarin Amru ɗan Asi ne a yaƙin Zatus Salasil, shekara ta 8 bayan Hijira: janaba ta same shi a dare mai tsananin sanyi, ya yi taimama ya ba mutane sallar asuba, da labari ya je wa Annabi sai ya yi dariya, bai zarge shi ba. Amma jin sanyi kawai, ba tare da tsoron cuta ba, ba ya halatta taimama. Wannan ƙyuya ce.

Saura haƙƙi biyu. Na farko na kare ne. Wanda ya fitar da dabba ya wahalar da ita wuni guda a kan dutse, ci da shanta suna wuyansa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah Ya gafarta wa wani mutum don ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. A mashigar San Banad da ke tsakanin Suwizalan da Italiya, a da an daɗe ana amfani da karnuka wajen nemo matafiyan da suka ɓace cikin ƙanƙara. Dabbar da ke wannan aiki ba abar jifa da hauri ba ce.

Na biyu na ranka ne, domin amana ne a hannunka. Aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu cikin halaka, Annabi kuma ya yi gargaɗi a kan tafiyar dare mutum shi kaɗai. Mai hawan dutse a Turai kada ya rabu da masu sanin hanya. Mu kuwa a nan gida, ba mu manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kora su daji. Kada saurayi ya shiga dajin da bai tabbatar da lafiyarsa ba saboda zomo, kuma kada ya fita sai da yardar iyaye da sanin mai unguwa.

Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cikin masu tsare salla a gida da daji, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.