Kiɗan Goge Huɗu

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wani kiɗan Turawa da na ke so mu duba. Makaɗa huɗu ne cikin ɗaki, kowa da gogensa: ƙanana biyu, matsakaici ɗaya, babba ɗaya. Ba ganga, ba rawa, ba mai ba da umurni. Tilas kowa ya saurari ɗan'uwansa, in ba haka ba kiɗan ya watse.

A 1825 Beethoven, Bajamushe mazaunin Viyana, ya yi ciwo mai tsanani, ga shi kuma ya kurumce. Da ya sami sauƙi sai ya tsara wa goge huɗu kiɗan godiya ga Allah, mai tafiya sannu-sannu, wajen minti 15. Mai sauraro ya kan yi tsit, ya tuna wahalar da shi ma ya sha ta wuce.

Wani zai ce ɓata lokaci ne, tun da ba ya cikin jarrabawa. Ni ban yarda ba. Yaron da ya kasa zama shiru na minti 5, yaya zai ji karatu? Mu riƙa sa wa yara irin wannan kiɗa, ko da sau ɗaya a mako. Amma fa mu fara da kanmu, gama malamin da bai iya sauraro ba, ba ya iya koyar da shi.