Tsintacciyar Mage Ma Tana Kama Ɓera: Tankokin Ganima A Wasan Yaƙi

Yau zan ɗan kauce daga layin da muka saba, in kai ku wani fage da na san wasunku za su ce ai wannan wasan yara ne. Ku yi mini haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe, sannan ku yanke hukunci.

A shekarata ta ƙarshe a poli akwai abokina da muke ɗaki ɗaya, yana da kwamfuta mai ɗan ƙarfi, a kanta na koyi wasan da ake kira War Thunder. Wani dare da aka kawo wuta kuma akwai data, sai na shiga sashen wasan mafi wahala, wanda ba a rubuta maka sunan kowa a saman tankarsa, sai dai ka gane abokin gaba da idonka. Ina ɓangaren Jamus, na laɓe a bayan wani kango, sai ga tanka ta ɓullo daga kwana. Siffarta ta T-34 ce, wato tankar Tarayyar Sobiyet, ko a mafarki na san wannan ƙira. Ban yi wata-wata ba na sakar mata harsashi, ta kama da wuta. Ina shirin yin murna sai wasan ya ci ni tara, wai na kashe ɗan ƙungiyarmu. Ashe T-34 ce ta ganima, irin wadda Jamusawa suka ƙwace suka yi wa fentinsu. Mutumin ya rubuto mini baƙaƙen maganganu da wani yare da ban sani ba, amma na fahimci saƙon sarai.

A daren nan na rantse cewa bai kamata a sa tankar wata ƙasa a jerin wata ƙasa ba. Yau na canza ra'ayi, kuma dalilin canzawar shi ne abin da nake so mu tattauna.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Kamfanin Gaijin ne ya yi shi, kuma ya raba kayan yaƙin cikinsa ƙasa-ƙasa, kamar Amurka da Jamus da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya da Japan da Faransa da Isra'ila da sauransu. Kowace ƙasa tana da jerinta, za ka fara da ƙananan tankoki na da, kana wasa kana buɗe manya. A cikin jerin nan ne ake tsintar baƙi. Za ka ga T-34 da KV-1 na Sobiyet a jerin Jamus, ka ga Panther ta Jamus a jerin Sobiyet da na Faransa, ka ga T-54 da T-62 a jerin Isra'ila. Haka ma a wasan World of Tanks akwai tankokin Faransa da aka sa a jerin Jamus. Tambayar ita ce, waɗannan baƙin 'yan gida ne ko kuwa cusa su aka yi?

Masu cewa a fitar da su suna da hujjoji uku, kuma babu ta banza a ciki. Ta farko, suna cewa kowace ƙasa tana da salon ƙirarta, shi ne daɗin wasan. Idan kowa zai iya hawan tankar kowa, me ya rage na zaɓen ƙasa? Ta biyu ita ce wadda ta same ni, wato ruɗani da harbin ɗan'uwa. Ta uku kuma ita ce maganar kuɗi, domin mafi yawan tankokin ganimar nan ba a buɗe su da gumi, saye ake yi da kuɗi na gaske. Masu wannan ra'ayi suna ganin kamfani ne kawai yake ɗaukar tankar da ya riga ya zana, ya sake mata fenti, ya sayar. A taƙaice suna cewa tsintacciyar mage ba ta mage.

To amma bari mu tambayi tarihi, tunda wasan da kansa da tarihi yake tinƙaho.

A Yaƙin Duniya na Farko, tankokin da Jamus ta ƙera da hannunta samfurin A7V guda 20 ne kacal. Bayan gumurzun Cambrai na Nuwamban 1917, Jamusawa suka riƙa kwashe tankokin Birtaniya samfurin Mark IV da aka bari a fage, suna gyarawa suna zana musu tambarinsu. Waɗanda suka yi yaƙi da su na ganima sun fi nasu na gida yawa. Ka ga tun ranar da aka haifi yaƙin tanka, tare da ganima aka haife shi.

A Yaƙin Duniya na Biyu abin ya wuce tsintuwa, ya zama tsari. Jamusawa suna da kundin kayan ganima, kowace tanka da lambarta da harafin ƙasar da aka ƙwato ta, harafin r na Rasha, f na Faransa, e na Ingila, a na Amurka. Da suka mamaye Cekoslobakiya a 1939 sun haɗa da tankokinta da masana'antunta, har ta kai rundunar tankoki ta 7 da Rommel ya jagoranta zuwa Faransa a 1940 da yawa daga cikin tankokinta ƙirar Cek ne. Bayan faɗuwar Faransa kuma suka gaji ɗaruruwan tankokinta, wasu suka cire musu kai suka ɗora manyan bindigogi, kuma da irinsu rundunar tankoki ta 21 ta tari sojojin ƙawance a Normandi a 1944. Su ma 'yan Sobiyet ba su zauna ba, a 1943 sun ɗauki gangar jikin tankokin Jamus da suka kama suka ƙera SU-76i kimanin 200.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Finlan. Ƙaramar ƙasa ce, ba ta da masana'antar tanka, ga ta a bakin Tarayyar Sobiyet. Yawancin tankokin da ta yi yaƙi da su daga 1941 T-26 ne da ta ƙwace daga hannun maƙiyinta. Har ta ɗauki BT-7 na ganima ta ɗora musu igwar Birtaniya, ta fitar da wata halitta mai suna BT-42 guda 18. Idan ka ce a cire tankokin ganima daga jerin Finlan, ba gyara tarihi ka yi ba, share rundunar ka yi gaba ɗaya. Haka Isra'ila, bayan yaƙin 1967 ta tara ɗaruruwan T-54 da T-55 na Masar da Siriya, ta ba su suna Tiran, ta canza wa wasunsu bindiga zuwa mai faɗin milimita 105, ta kafa musu runduna. A Satumban 1969 da irinsu guda 6 ta kai hari gaɓar Masar ta mashigin tekun Suwes, suka yi ta tafiya ana zaton 'yan gida ne. Ko me mutum yake ji game da waɗannan yaƙe-yaƙe, wannan abu ya faru.

Don haka hujjar farko, wai kowace ƙasa da nata ta yi yaƙi, ita ce ba ta da tushe. Tsabtataccen jerin da babu baƙo a cikinsa ya fi kyan gani, amma ƙarya ce mai kyan gani. Yana koya wa yaro cewa yaƙi gasar injiniyoyi ce, kowa ya zo da abin da ya ƙera a gwada na wa ya fi. Alhali yaƙi talauci ne da ƙaranci da lallaɓa abin da ka samu.

Sai dai kada ku ɗauka ina cewa a buɗe ƙofa kowa ya shigo. Akwai bambanci tsakanin ƙwace tanka da mallakarta. A yaƙin kakanninmu idan barde ya kama dokin abokin gaba, gobe ma zai iya hawansa, domin doki ba ya tambayar ciyawar wane gari ce. Tanka ba haka take ba. T-34 man dizal take sha, tankokin Jamus kuwa fetur. Harsashinta daban, kayan gyaranta daban, hatta rubutun da ke jikin na'urorinta da wani harafi ne. Shi ya sa tankoki da yawa na ganima kwana kaɗan suke yi a hannun sabon ubangidansu, da zarar wani ƙarfe ya karye sai a tura su gefen hanya. Saboda haka ma'aunina shi ne, shin sojojin ƙasar sun shiga cikinta sun yi yaƙi, kuma rundunar ta ɗauki nauyin ciyar da ita da gyaranta?

Idan aka ɗora wannan ma'auni, tankokin ganima sun kasu uku. Akwai waɗanda suka zama 'yan gida, irin su Tiran da T-26 na Finlan da Panther da Faransa ta riƙe a rundunarta har ƙarshen shekarun 1940. Waɗannan wurinsu tsakiyar jeri ne, a buɗe su da wasa kamar kowace tanka, ba a ɓoye su a kanti ba.

Akwai kuma na tsaka-tsaki, guda ɗaya ko biyu da suka yi yaƙi na ɗan lokaci. Misali a ƙarshen 1944 sojojin Birtaniya sun tsinci wata Panther lafiyayya a kusa da Overloon ta ƙasar Holan, suka sa mata suna Cuckoo, suka zana mata babban farin tauraro, suka yi ta yaƙi da ita har Fabrairun 1945 lokacin da famfon manta ya lalace babu na canji. Irin wannan labari ne mai daɗi kuma gaskiya ne. A sa ta a gefen jeri, a rubuta tarihinta, amma kada a bari ta cika fage har a ga guda goma a wasa ɗaya, alhali guda ɗaya ce tak a duniya.

Kashi na uku su ne waɗanda nake tare da masu adawa a kansu ɗari bisa ɗari. Tiger mai lamba 131 da Birtaniya ta kama a Tunisiya a Afrilun 1943 bincike aka kai ta, yanzu tana gidan tarihin tankoki na Bovington, ba ta taɓa harba harsashi don Birtaniya ba. Kama ta bai mayar da ita tankar Birtaniya ba. Wadda ta fi wannan ban dariya ita ce Tiger da ke jerin Japan a wasannin nan biyu. Wannan ko ganima ba ce ba, Japan ta biya kuɗinta ne a hannun Jamus, amma tankar ba ta taɓa isa Japan ba. A nan kam babu abin da ya kawo ta sai ciniki, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Saura maganar harbin ɗan'uwa, wadda ta ci mini tara. Da na koma na karanta, sai na ga ashe abin da ya same ni shi ne ainihin abin da sojojin suke tsoro. Jamusawan da ke tuƙa T-34 sukan zana mata tambari ƙato fiye da ƙima a gefe da sama, saboda sun san mai igwarsu siffa yake gani kafin fenti. Ashe a daren nan wasan bai cuce ni ba, darasi ya ba ni wanda littafi bai ba ni ba, cewa kama da wane ba ta wane, kuma wanda ke cikin tankar ganima maƙiya biyu gare shi, na gaba da na baya. Gyaran da nake nema a nan ƙarami ne. A tilasta wa kowace tankar ganima tambari babba wanda mai ita ba zai iya rufewa da ganye ko wani ado ba, kamar yadda sojojin gaske suka yi don tsira da ransu.

Maganar kuɗi kuwa gaskiya ce, ba zan kare kamfani ba. Amma laifin sayarwa daban, dacewar tankar da jeri daban. Idan ɗan kasuwa ya tsauwala farashin gero, ba geron ne ya daina zama abinci ba. Abin da ya kamata 'yan wasa su nema shi ne a fito da waɗanda suka cancanta daga kanti a sa su inda kowa zai kai gare su.

Wani zai ce, duk wannan dogon bayani a kan wasa? Eh, saboda na lura ƙannenmu da yawa ba daga aji suka fara jin sunan Stalingrad ko Normandi ba, daga allon waya da kwamfuta suka ji. Ni kaina ban san Finlan ta yi yaƙi da Tarayyar Sobiyet ba sai da na ga tankar Rasha da tambarin da ban gane ba, na je nema. Jerin tankokin nan shi ne littafin tarihi na farko ga miliyoyin yara, kuma abin da aka sa a ciki da abin da aka cire duk magana ce ake faɗa musu. Idan aka cire ganima an ɓoye musu cewa ƙananan ƙasashe da makamin maƙiyinsu suka kare kansu. Idan kuma aka cusa abin da bai faru ba, an koya musu cewa tarihi kaya ne da ake yi wa fenti a sayar.

Matsayata ke nan. Tankar da soja ya shiga, ya sha zafinta, ya nemo mata mai da harsashi, wani ma ya mutu a cikinta, ta zama tasa ko da wa ya ƙera ta. Wadda kuwa aka ɗauki hoto kawai a gefenta, a bar ta a gidan tarihi.

Na san a cikinmu akwai waɗanda suka fi ni sanin wasannin nan, akwai kuma waɗanda ba su taɓa taɓa su ba amma suna da ra'ayi a kan abin da ke mayar da kayan wani naka. Ina sauraron kowa, musamman wanda zai ce na yi kuskure a kan Cuckoo, domin har yanzu ita ce nake kai-kawo a kanta. Shi kuma bawan Allahn da na ƙona wa tanka a daren nan, duk inda yake ina ba shi haƙuri.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.