Bashin Gwamnati Da Masu Kai Saƙo Na Karmo

A 2024 Bankin Masana'antu ya fara raba wa ƙananan sana'o'i bashin gwamnatin tarayya na naira biliyan 75, ruwa kashi 9 cikin ɗari. Nan Karmo samarinmu na kai saƙo da babur, amma kaɗan ne ke da rajistar CAC, kuma ba rajista, ba bashi. Babana fataucin shanu yake, da baki da amana. Shi kuwa banki takarda ya sani. Ga kuma batun ruwa, da yawanmu ba za su taɓa ba.

Shawarata, jama'a: mu haɗu biyar-biyar mu yi rajista ɗaya, mu nemi tsari irin na Jaiz, banki ya sayi babur ya sayar mana da riba. In ba haka ba, kamfanonin cikin gari za su kwashe, muna kallo.