Balogun Ba Tatsuniya Ba Ne

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai gaskiya ne Balogun ya buga ƙwallo ta huda cikin mai tsaron gida?" Na ce masa ƙarya ce. Ya ce, "To, me ya yi?" Nan fa na yi tsuru-tsuru, gama ni ma tatsuniyar kaɗai na sani.

'Yan'uwana, ga abin da na samo bayan kunyar nan. Teslim Balogun mutumin Ikko ne, ɗan wasan gaba. Saboda zafin bugunsa aka laƙaba masa Tanda, watau tsawa. Ya yi wa Reluwe ta Ikko wasa, ya yi wa Jos kuma. A 1949 yana cikin samari 18 da suka shiga jirgin ruwa zuwa Ingila. A wasansu na fari suka ci Marine 5 da 2, galibinsu kuwa ba takalmi, sai ƙyalle ɗaure a ƙafa. Ku dubi wannan fa, a ƙasar sanyi! Kan hanyar komowa suka biya Saliyo, suka ci 2 ba ko ɗaya. Daga baya ya koma Ingila, a 1956 ya shiga Queens Park Rangers ta London. Ya zama mai horar da 'yan wasa, ya rasu a 1972.

Wani abokina a ajinmu ya ce in ƙyale yara da labarinsu, ai daɗi gare shi. Ban yarda ba. Yaron da ya ji an huda ciki zai ce asiri ne, ya kama baki, shi ke nan. Amma wanda ya ji mutum ya tafi har Turai ya yi wasa da ƙafa tsirara, sai ya dubi tasa ƙafar. Rabin yaran ajina ba su da takalmin ƙwallo, waɗansu har suna jin kunyar fitowa fili saboda haka.

Muna sa su haddace shekarar da Mungo Park ya ga Kwara. Mene ne laifin 1949? Ran Litinin zan koma da taswira, in sa yaron nan ya bi da yatsa daga Ikko har Liverpool.