Wasiƙa zuwa ga Injiniyoyin Sadarwa: Ku Raba Kaya Tsakanin Turaku

'Yan'uwa injiniyoyi masu kula da turakun sadarwa,

Wani ƙorafi ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma kowannenku ya sha jin sa: "Sabis cike yake, amma kuɗin sun ƙi tafiya." Mai POS a Kantin Kwari yana kallon sanduna huɗu a na'urarsa, abokin ciniki na tsaye da kaya a hannu, saƙon banki ya maƙale. Kun san dalili. Sandunan nan ƙarfin muryar turke kawai suke nunawa, ba sa faɗin mutum nawa ke rububi a kansa. A tsarin 4G, zango mai faɗin megahaz 20 kashi 100 ne kacal ake rabawa a kowane ɗan lokaci. Idan mutum goma ne, kowa ya ƙoshi. Idan dubu ne, kowa ya lasa.

Tun da wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, muke ɗora sabo a kan tsoho: 2G, 3G, 4G, ga 5G tun 2022. Ga manyan turaku masu rufe unguwanni, ga ƙanana da ake maƙalawa a jikin gini ko cikin kasuwa. Matsalar ita ce waya, in an bar ta da halinta, wanda ya fi ƙara take bi. Babban turke na iya fitar da wat 40, ƙarami kuwa wat 1. Don haka mutum zai tsaya ɗan nesa kaɗan da ƙaramin turken da babu kowa a kansa, amma wayarsa ta tafi ta shiga layi a babban da ya riga ya cika. An kashe kuɗi an kafa ƙaramin, ana zuba masa wuta dare da rana, shi kuwa yana zaman kashe wando. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle ga wani hannun a sake.

Shawarata ta farko: ku yi wa ƙananan turaku ƙari a ma'aunin da waya ke zaɓe da shi, amma da awo. Ƙarin desibel 6 tamkar an ce wa waya ta ɗauki muryar ƙaramin a matsayin ninki huɗu na yadda take, sai da'irarsa ta faɗaɗa, ya janye mutane daga babban. Sai dai wanda aka janyo ɗin yana bakin iyaka ne, kuma muryar babban turke, wadda dā ita ke yi masa hidima, yanzu ta zame masa hayaniya. Shi ya sa ƙungiyar 3GPP, a ƙa'idarta ta 10 da aka kammala a 2011, ta zo da dabarar da babban turke zai yi kusan shiru a wasu daga cikin tsagin lokacinsa na milisakan ɗaya-ɗaya, domin ƙaramin ya sami sararin sallamar na bakin iyaka. Ƙari ba tare da wannan shiru ba zalunci ne ga wanda aka janyo. Shirun ma in ya yi yawa, mutanen babban turke ne za su biya. Kada ku ɗauki lamba ɗaya ku shafa wa gari duka. Kowane wuri da nasa awon.

Ta biyu: ku ji tsoron kai-komo. Idan turaku biyu kowanne yana ture kaya ga ɗan'uwansa, waya za ta yi ta safa da marwa a tsakaninsu, batir ya ƙone, kira ya yanke. Ƙa'idar LTE, wato 4G, ta ba ku jinkiri daga sifili zuwa milisakan 5120 kafin a miƙa waya, ta kuma ba ku tazarar da dole sabon turke ya fi tsohon da ita. Ku yi aiki da su da hankali. Mai zaune a shago ya cancanci ƙaramin turke. Wanda ke cikin mota a titin Zariya kuwa, ku bar shi a babba, domin kafin a gama miƙa shi ya wuce. Kuma ya fi sauƙi ku daidaita wayoyi tun suna hutawa, ta hanyar fifikon zango, da ku tsinke mutum a tsakiyar magana.

Ta uku: kafin ku tura mutane wani turke, ku duba bayansa. Turken da iskarsa ke wayam amma hanyarsa zuwa cibiya siririya ce, ko batirinsa ba ya kai la'asar idan wuta ta ɗauke, ba shi da sararin da allo ke nuna muku. Ku auna igiyar faiba ko tasar da ke ɗauke masa kaya, ku san man da ke cikin janaretonsa.

Ta huɗu, wadda ta fi damuna: ku san wa kuke turewa. Matsakaicin gudu a rahoton wata yana iya yin kyau alhali na ƙarshen layi yana kuka. Ku riƙa duba kashi biyar cikin ɗari na ƙasa. Har yanzu akwai dattijuwa mai ƙaramar waya da 2G kawai ta sani, akwai mai tura kuɗi da lambobin USSD. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna mana cewa abincin gidaje da yawa a kan wannan ɗan saƙo yake rataye. Ku ɗaga masu manyan wayoyi zuwa manyan zanguna irin su megahaz 1800 da 2600, ku bar ƙananan zanguna masu ratsa bango ga na ƙuryar ɗaki da na nesa, waɗanda ba su da wani zaɓi.

Ta ƙarshe: kaya tafiya yake da ƙafa. Duk wanda ya yi aikin Hajji ya ga haka: alhazai kusan miliyan biyu da rabi a 2019, yau suna Mina, gobe Arfa, da dare Muzdalifa. Mu ma muna da namu: masallacin Juma'a, filin Idi, Hawan Daushe, ranar kasuwar Maigatari ko Wudil. Manhajar da ke daidaita kanta tana taimakawa, amma ba ta san an ga wata ba sai jama'a sun cika fili. Ku kun sani tun daren jiya, don haka ku shirya kafin gari ya waye.

Ina roƙonku, ko sau ɗaya a wata, ku bar allo da sanyin ofis, ku je ku tsaya kusa da mai POS da azahar, da waya irin tasa a hannunku. Ku ƙirga daƙiƙun da yake jira kafin takarda ta fito. Wannan lambar ce za ta gaya muku ko rabon da kuka yi ya yi adalci.

Allah ya yi wa aikinku albarka, ya tsare masu hawa turaku a cikinku.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a.