Rijiya Ma Rumbu Ce

'Yan'uwa, kowane manomi ya san rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, wata rana sai a shafa a ji ƙasa. Haka ruwan ƙarƙashin ƙasa yake, ko da yake ido ba ya ganinsa.

Mu dubi fadamun Haɗejiya da Nguru. Ambaliyar damina ce ke kwanciya a can, ƙasa ta shanye ta a hankali, rijiyoyin ƙauyukan kewaye su samu. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga farin 1973 da na 1984, sai ambaliyar ta ragu, abin da ke shiga ƙasa ma ya ragu. Ɗiba kuwa ƙaruwa ta yi, domin tun shekarun 1990 shirin Fadama ya yawaita rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa.

Ba mu ce noman rani laifi ba ne, da shi yawancinmu ke biyan kuɗin makarantar yara. Amma in ruwa ya yi ƙasa, mai inji sai ya ƙara zurfin bututu. Gwauruwa mai guga da igiya fa? Rijiyarta ce ke fara ƙafewa, 'ya'yanta ne za su yi sammako da jarka.

Ikilisiyoyinmu da dama suna da rijiya ko famfo a harabar majami'a. Saboda haka muna roƙon dattawa abubuwa huɗu. A sa mutum ɗaya ya riƙa auna zurfin ruwa da igiya kowane wata, yana rubutawa, domin a gane ja da baya tun da wuri. A gyara famfo mai yoyo a makon da ya lalace. Kada a haƙa masai kusa da rijiya, a bar aƙalla mita 30. Masu lambu kuma su yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, kada rana ta sha rabi.

Ruwan ƙasa bai san iyakar gona ba, bai san na wane ba. Abin da muke sha, shi maƙwabtanmu ke sha. Mu zauna da su da mai unguwa, a daidaita yadda za a ɗiba, tun guga bai fara dawowa da laka ba.