Wa Ya Ce Mace Ba Za Ta Horar Da Samari Ba?

A shekarar 1985, wata makarantar sakandare mai suna Ballou da ke birnin Washintan na Amurka ta naɗa malamarta Wanda Oates ta horar da samarin makarantar ƙwallon ƙafa irin ta Amurkawa. Naɗin bai yi kwana biyu ba aka soke shi, saboda matsin lambar maza masu horar da sauran makarantu, waɗanda suka ga ƙasƙanci ne su kara da mace. Daga baya ta karɓi ƙungiyar ƙwallon kwando ta samarin wannan makaranta, ta horar da su, sama kuma ba ta faɗo ba. Abin lura a labarin shi ne su wa suka tayar da ƙura. Manyan maza ne masu gemu, alhali kullum da sunan yara ake fakewa idan za a hana mace wannan aiki.

Shekara kusan 40 ke nan, amma har gobe idan aka ce mace za ta riƙe ƙungiyar samari a makaranta, sai ka ji hujjoji guda uku, a Amurka ko a nan wajenmu. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, domin ina ganin biyu daga ciki ba su da ƙafar tsayawa, ta ukun kuma ana karanta ta a juye.

Hujja ta farko ita ce wai samari ba za su saurari mace ba. To, wa ke koya musu lissafi da safe? A makarantunmu na sakandare, daga Maraɗi zuwa Kano, daga Garwa zuwa Kumasi, malamai mata suna shiga aji cike da samari masu tashen balaga, su riƙe shi tsawon awa guda, su ba da aikin gida, su hukunta wanda ya yi rashin kunya. Akwai matan da ke shugabantar makarantun baki ɗaya. Yaron da ya yi wa malama biyayya da ƙarfe goma na safe, me zai sa ya ƙi jin usur ɗinta da ƙarfe huɗu na yamma? Ɗan wasa abu biyu yake dubawa a wurin koci: ko ya san wasan, da ko yana yin adalci wajen zaɓen wanda zai shiga fili. Duk kocin da ya rasa waɗannan, yara za su raina shi ko da muryarsa ta kai ta zaki. Idan kuwa da gaske akwai yaron da ba ya iya karɓar umarni daga mace, wannan ciwo ne da makaranta ta wajaba ta yi masa magani tun icce yana ɗanye, domin gobe zai tarar da likita mace da alƙaliya da shugabar ma'aikata.

Hujja ta biyu ita ce wai ba ta taɓa buga wasan maza ba, don haka ba ta san shi ba. Ƙwallon kwando dai James Naismith ne ya ƙirƙire ta a 1891 a garin Springfield, kuma a 1892 wata malama, Senda Berenson, ta fara koya wa ɗalibanta mata a Kwalejin Smith. Ratar shekara ɗaya ke nan tak. A yau kwandon yana rataye a tsayin mita 3.05 ko maza ke wasa ko mata, 'yan wasa biyar-biyar ne, kuma a dokokin hukumar FIBA daƙiƙa 24 ake ba kowace ƙungiya ta yi harbi. Ƙwallon mata ta ɗan fi ta maza ƙanƙanta, iyakar abin ke nan. Aikin koci kuwa tsara atisaye ne, da karanta abokin karawa, da sanin lokacin neman hutun tattaunawa, da sanin wanda za a cire idan ya tara laifi. Ba a taɓa neman koci ya yi tsalle ya zura ƙwallo ba. Erik Spoelstra, wanda ya ci kofin NBA sau biyu da Miami Heat, bai taɓa buga wasa a gasar ba, a ɗakin tace bidiyon wasanni ya fara aiki. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san José Mourinho tafinta ne na Bobby Robson kafin ya zama abin da ya zama. Babu wanda ya ce musu su koma gida don ba su yi fice a fili ba.

Gani kuma ya kori ji. Becky Hammon ta zama mataimakiyar koci a San Antonio Spurs a 2014, ta jagoranci ƙungiyar ta ci gasar bazara ta NBA a 2015, kuma a ƙarshen Disambar 2020, da aka kori Gregg Popovich daga fili, ita ta karɓi ragamar wasan. A nan Afirka, a watan Fabrairun 2021 a birnin Yawunde, ƙungiyar maza ta Kenya ta doke Angola da ci 74 da 73, Angolar da a lokacin ta ci kofin nahiyar sau 11. Mai horar da Kenya a ranar mace ce, Liz Mills, 'yar Ostireliya, kuma ita ta kai su gasar AfroBasket karon farko cikin shekara 28. Idan wani ya ce waɗannan duk Turawa ne, al'adarsu daban, sai ya leƙa Sudan. Salma al-Majidi ta fara ne da horar da yara maza a Omdurman, har ta kai ga riƙe ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta manyan maza a Gadarif, garin da Hausawa ke zaune da yawa. Sanye da lulluɓinta take tsayawa a bakin fili tana ba da umarni.

Hujja ta uku ita ce ta kunya da cuɗanya, kuma ita kaɗai ce ta cancanci a zauna a yi mata nazari. Iyaye suna da haƙƙin tambayar wa zai shiga ɗakin canza kaya, wa zai kwana da yara idan an yi tafiya. Amsar ba ta da wuya: koci ba ta shiga ɗakin sai yara sun gama shiri, malami namiji yana raka su a tafiya, atisaye kuma a fili ake yin sa a gaban kowa. Tambayata ga masu wannan hujja ita ce, ina kunyar take tafiya idan namiji ne ke horar da 'yan mata? Wannan shi ne abin da aka saba gani ko'ina, kuma ba a cika jin wanda ya ɗaga murya ba. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta fallasa koke-koken 'yan matan ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƙasar Mali, waɗanda suka ce mai horar da su yana neman su da lalata. An kama shi, hukumar FIBA ta sa aka yi bincike, shugabanta na lokacin, Hamane Niang, ɗan Mali, ya ja gefe na ɗan lokaci har aka kammala. Wanda ya damu da mutuncin yara da gaske, can ya kamata ya fara kai idonsa. Kuma hanya mafi kusa ta kare 'yan mata ita ce a samu ƙwararrun mata masu horarwa da yawa, su kuwa ba za su yawaita ba muddin rabin guraben aikin a rufe suke gare su.

A nan ne ainihin zaluncin yake. Ƙofar hanya ɗaya take buɗewa. A Amurka, lokacin da aka kafa dokar daidaita maza da mata a harkar ilimi a 1972, sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙungiyoyin mata a jami'o'i mata ne ke horar da su. Da kuɗi da albashi suka shigo wasannin mata, sai maza suka yi tururuwa, har rabon mata ya faɗo ƙasa da rabi. Geno Auriemma yana horar da matan Jami'ar Connecticut tun 1985, ana yaba masa, babu mai tambayar ko ya taɓa buga wasan mata. Namiji yana iya neman aiki a ɓangare biyu, mace a ɓangare ɗaya, a can ma sai ta yi takara da maza. Wannan maganar abinci ce da ƙarin girma a wurin aiki.

Samarin ma asara suke yi. Makarantar da ke da malamar da ta buga wasan shekara da shekaru, ta sami takardar horarwa, amma ta miƙa ƙungiya ga malamin da bai san dokar taku ba saboda kawai namiji ne, ta cuci ɗalibanta. Rena Wakama ta ci kofin Afirka da matan Najeriya a Kigali a 2023, ta kai su zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta 2024 a Faris, matakin da babu wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa takawa. A ce irin wannan mace ba ta isa ta koya wa yaro ɗan shekara 16 yadda ake tsaron gida ba?

Kirana ga shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye da hukumomin wasanni mai sauƙi ne. Idan gurbi ya samu, a sanar da shi ga kowa. A duba takardar horarwa, a sa kowane mai nema ya gudanar da atisaye ɗaya a gaban idon kwamiti, a binciki halinsa. A rubuta dokokin kare yara su hau kan kowane koci, mace ko namiji, mai horar da samari ko 'yan mata. Wanda ya fi cancanta a ba shi usur, a kuma auna shi a ƙarshen kakar wasa da ma'aunin da ake auna kowa.